Kafin Ruwa Na Uku

Lahadi, 6 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Yau na yaye wa Gwaggo, tsohuwar motar gidanmu, tamfol. Tana nan yadda muka bar ta tun Oktoba, a ɗage kan katako huɗu, koriya shar, ƙirar 1969, silinda takwas. Mama ce ta raɗa mata sunan, wai don ba ta fita sai gari ya yi kyau, in ta fita kuma sai duk unguwa ta sani. Ɓera ya yi sheƙa a but. Ban da wannan lafiyarta lau.

Dokar Baba ce tun ina ƙarami: ba a sauke Gwaggo sai an yi ruwan sama uku masu ƙarfi, sun wanke gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara. Ran da na ukun ya ɗauke, ran nan yake ɗaukar makulli. Bana ma haka ya ce zai yi. Da bakinsa ya faɗa, yana kurɓar kofi, kamar ba a yi komai ba.

Ba zai tuƙa ta ba. Na riga na yanke.

Ba zan ɓoye makulli ba, ba kuma zan kai sunansa ofishin lasisi ba kamar yadda Yaya Noreen take so. Mutumin da ciwon suga ya cinye wa ƙafar hagu ya bar shi da ta roba, yanzu kuma ya koma kan idanunsa, ba a tsayawa a kansa a ce “kawo makulli” kamar yaron da ya saci alewa. Akwai hanyar da ta fi wannan tsabta. Gwaggo otomatik ce, feda biyu, ƙafar dama kaɗai take nema. Zan mayar da ita giyar hannu. Feda uku. Ta ukun ƙafar hagu take so. Akori-kurata dama giyar hannu ce, shi ya sa bai taɓa ta ba shekara biyu.

Abin daɗin, burinsa ne. Shekara ashirin giyabos mai giya huɗu yana ajiye a ɗakin tuɓe kaya na sauna, inda muke wankan tururi, naɗe cikin tsohon bargo. Don Mama ya sayi otomatik, ita ba ta iya ɗayar ba, shi kuwa kullum mita yake wai motar da ke canja wa kanta giya kujerar falo ce mai taya. Mama ta rasu, ƙafa ta tafi, giyabos yana nan.

Na ce, “Baba, bana zan ɗaura maka giyabos ɗin nan.”

Ya daɗe yana kallon gefen kunnena. Haka yake kallon mutane yanzu.

“Kai ɗin, Farfesa? Wane littafi ne ya ce maka ka iya?”

“Wanda ka yi shekara ashirin kana shirin buɗewa.”

Ya yi dariya har kofi ya sarƙe shi. Ya ce to, ga fili ga mai doki.

Talata, 8 ga Afrilu, hutun rana, wurin yankan katako

Farfesa yake kirana tun da na bar makaranta ina shekara sha shida, na koma kwasar tsofaffin littattafan da laburare ke zubarwa. Zagi ne, amma ya bi ni har na saba. Littafin gyaran Gwaggo a cikinsu na tsince shi, bangonsa ya yage, wani ya ɗiga masa baƙin mai a daidai shafin kuloci. Na karanta babin sau uku. Wanda ya rubuta shi bai taɓa kwanciya ƙarƙashin mota a watan Afrilu ba, in ba haka ba da bai rubuta “sai ka zare cikin sauƙi” ba.

Yaya Noreen ta kira daga garin Marquette, inda take aiki. Nas ce, don haka duk maganarta kamar tana karanta takardar magani.

“Neil, ka yi masa maganar?”

“Ina kan yi.”

“Da sifana?”

Kawu Arvo ne ya gaya mata, ƙanin Mama. Bakinsa ya fi ƙofar gareji faɗi. Na ce ta ba ni zuwa ruwa na uku. Ta ce ran Ista za ta zo da takardar ofishin lasisi, in sa hannu a matsayin shaida, tunda ni ne a cikin motar tare da shi ran da abin ya faru a Oktoba. Na ce injin ya tashi, ba na jin ta. Injin bai tashi ba.

Laraba, 9 ga Afrilu, ƙarfe shida na safe

Ƙanƙara ta sake zuba. Madalla. Ta yi ta zuba.

Asabar, 12 ga Afrilu, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Otomatik ta fita. Tun bakwai na safe nake ƙasa, Kawu Arvo yana kan jak, Baba yana kan kujerar roba kusa da firizar naman barewa, sandarsa a cinya, yana mulki. Na kwance farfela, na kwance salansa, na cire bututun nan biyu da ke zuwa lagireto. Na manta akwai sauran mai a ciki. Jan mai ya zubo min a fuska, ya shiga kunne, ya gangara wuya.

Kawu Arvo ya leƙo. “Reino, zo ka ga ɗanka. An yanka shi ba a feɗe ba.”

Baba ya ce, “Littafin bai ce a rufe baki ba?”

Na faɗi wata kalma da ba zan rubuta ba. Ya ce a gidan nan shi kaɗai ke da izinin faɗarta.

Noti biyun da ke can sama bayan injin su suka ci min awa biyu. Daga kujerarsa Baba ya ce in haɗa doguwar sanda uku in bi ta baya, in daina neman su da ido, hannu ne ke ganinsu. Haka aka yi. Mutumin nan ya san motar kamar yunwar cikinsa.

Sai ya ce in miƙo masa sifana ya ji girmanta. Tana kan gwiwarsa. Ni na ajiye masa ita a can minti biyar da suka wuce. Kawu Arvo ya kalle ni, na kalli jak.

Na san abin da nake yi.

Talata, 15 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na yamma

Mun je filin matattun motoci na bayan tsohuwar mahakar tagulla, ni da Kawu Arvo. Mun sami ’yar’uwar Gwaggo, shekara ɗaya, giyar hannu, bishiya ta tsiro ta cikin bonet ɗinta. Na kwanta cikin narkakkiyar ƙanƙara na kwance fedojinta uku da sandunansu duka. Wandona har yanzu yana ɗiga a bayan murhu.

A kanti kuma na nemi farantin kuloci. Mai kanti ya kawo biyu, mai laushi da mai tauri irin na ’yan tsere. Na ɗauki mai taurin.

A hanya, da muka wuce coci, Kawu Arvo ya juya farantin a hannunsa ya ce:

“Wannan farantin, ni da ƙafafuna biyu na gado sai na yi nishi kafin in taka shi.”

“Ya fi ƙarko.”

“Ƙarko.” Ya buɗe taga ya tofar da yawu. “Uwarka ma haka take. In za ta hana mutum abu sai ta kawo masa shi a faranti da fure a gefe.”

Na ce in zai kai wa Yaya Noreen wannan ma, ya jira in rubuta masa don kada ya rage wani abu. Ya ce shi ba ya kai magana, magana ce ke bin sa.

Alhamis, 17 ga Afrilu, ƙarfe uku na rana

Ruwa na farko. Mai ƙarfi, tun safe. Baba ya tsaya a baranda yana shaƙar iska, ya ɗaga min yatsa ɗaya.

Juma’a, 18 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Na haɗu da Dawn Perala a kantin abinci, wajen dankali. Na so in juya, keken sayayya ya ƙi. ’Yarta Josie tana tare da ita, ta ƙara tsawo, tabon gwiwar hannunta ya kusa ɓacewa. Ta ce min sannu. Yara ba su da riƙo, shi ya sa nake jin tsoronsu.

Uwar ta tura ta ɗauko madara, sannan ta ce, “Na ji ana buge-buge a garejinku.”

“Gyara nake.”

“Na yi shiru a Oktoba saboda mahaifiyarka ta riƙe min Josie tana jaririya. Sau ɗaya ake irin wannan shirun, Neil. In na ga koriyar motar nan a kwanar makaranta mahaifinka ne a sitiyari, ba kai zan kira ba.”

Na ce ba za ta gani ba. Ta ce me ya sa za ta yarda. Na ce don ban taɓa yi mata ƙarya ba. Ta ce shi fa, na gaya masa?

Na ɗauki dankalin da ba na buƙata na tafi.

Wanda bai zauna da shi ba ba zai gane ba. Ran nan da muka iso gida cewa ya yi, “Ramukan titin nan sai ƙaruwa suke.” Yana murmushi, yana shafa sitiyari. Na ce e, Baba, rami ne. Na koma a ƙafa na ciro abin da ya rage daga cikin kwata. To ta ina zan fara yanzu?

Lahadi, 20 ga Afrilu, Ista, ƙarfe takwas na yamma

Yaya Noreen ta zo da naman cinya, da burodin nan mai ƙamshi da Mama ke kitsawa, da takarda a jaka. Mun je coci, mun ci abinci, kowa yana ladabi kamar baƙo. Da Baba ya shiga sauna ta shimfiɗa takardar kan tebur ta ɗora biro.

“Sa hannu.”

“Ba zan sa ba.”

“Kana ganin wayo ne? Za ka yanka motar Mama don ka kasa faɗar magana ɗaya?”

“Ke da kike iya faɗa, ga shi can, je ki faɗa. Sau nawa kika zo tun Kirsimeti? Wa ke duba masa ƙafa kullum da safe? Wa ke karanta masa wasiƙa ya ce wai gilashinsa ne ya ɓata? Kin zo da biro za ki gyara gida cikin awa huɗu ki koma.”

Ta yi fari fat. Na san na wuce gona da iri, amma baki in ya ɗau gudu birkinsa ba ya ci. Ta ce in aka kawo mata yaron wani a gadon asibiti, ni za ta fara tunawa. Ta bar takardar ƙarƙashin kwanon sukari. Ta ce ruwa na uku, ko na sa hannu ko ban sa ba.

Bayan ta tafi na shiga gareji don in huce. Akwai wani ɗan zoben tagulla da ake bugawa a ramin bayan injin, shi ke riƙe bakin sandar giyabos. Otomatik ba ta da shi, dole a sa. Na buga shi cikin fushi, ya shiga a karkace. Ya ƙi gaba, ya ƙi baya.

Baba ya shigo da tawul a wuya, ya sa yatsa a ramin, ya ce, “Hm. Da guduma ka yi fira da ’yar’uwarka?” Sai ya ce in ɗauko burodin.

Na ce wane burodi.

“Na Noreen. Cusa shi a ramin, ka danna, ka ƙara. Sai ka sa ƙarfe daidai ramin ka buga.”

Na ɗauka tururi ya taɓa masa kai. Na cusa, na buga, na ƙara, na buga. A bugu na shida zoben ya fito da kansa, burodi ya turo shi ta baya. Na tsaya baki buɗe.

“Shafi na nawa ne wannan, Farfesa?”

Ya ce in sayo sabo in kwantar da shi cikin firiza kusa da barewa, sanyi zai tsuke shi ya shiga ba gardama. Muka zauna muka cinye ragowar burodin da hannun giris.

Laraba, 23 ga Afrilu, ƙarfe shida da rabi na yamma

Zobe ya shiga kamar an kira shi. Faifan injin ya hau. Da na zo ɗora farantin kuloci Baba ya ce in ba shi ya taɓa. Ya bi yatsun ƙarfen da babban yatsansa, ya danna ɗaya, bai motsa ba. Ya sake dannawa.

“Wa ya zaɓo wannan?”

“Ni.”

“To.”

Ya miƙo min.

Alhamis, 24 ga Afrilu, hutun rana

“To” ɗin nan ta hana ni cin fastina, burodin nan mai nama da dankali a ciki. Na ba wa karen mai gadi.

Na san abin da nake yi.

Asabar, 26 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Giyabos ya hau. Ni da Kawu Arvo muka ɗaga shi a ƙirji, ya tsaya saura inci ɗaya, ya ƙi. Kawu ya ce a ja shi da noti. Baba ya buga sanda a ƙasa ya ce duk wanda ya ja shi da noti ya fita masa daga gareji, a juya sandar baya a hankali har haƙora su gaisa. Na juya. Ƙwas. Ya zauna.

Sai yankan ƙasan mota, inda sandar giya za ta fito. Wannan shi ne wanda ba a komawa. Na ɗaga kafet, na auna sau huɗu, na zana da alli. Na ɗauki injin yanka, hannuna ya tsaya. A daidai wurin Mama ke ajiye jakarta.

Baba ya ce, “Ka yanka ko ka ba ni.”

Na ce in na ba shi sai mu wayi gari da taga a ƙofa. Kawu Arvo ya yi dariya. Baba bai yi ba, ni ma ban san me ya sa na faɗa ba. Na yanka. Ramin ya fita tsaf, ko littafin ba zai fi haka ba.

Baba ya karɓi guntun ƙarfen da ya faɗo ya sa a aljihun rigarsa.

Talata, 29 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na safe

Ruwa na biyu. Yatsa biyu daga baranda. Farfela tana wurin masu yanka ta daidai tsawon sabon giyabos, sun ce sai Juma’a. In suka wuce Juma’a zan je in zauna musu a ƙofa da littafi.

Asabar, 3 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Farfela ta dawo, fedoji uku sun hau. Na murza makulli, shiru. Na zagi batir, na zagi wanda ya ƙera batir. Baba ya ce in daina ɓata bakina, wayoyi biyu ne a ƙasan sitiyari. Otomatik tana da makunnin da ke hana ta tashi sai tana tsaye a fakin. Na cire giyar, makunnin yana jiran abin da babu. Na yanke wayoyin biyu, na murɗe su tare, na naɗe da tef. Na murza. Gwaggo ta yi tari sau biyu ta ɗauka.

A kan katako na gwada ta, tayoyi a sama. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, ribas. Kamar wuƙa a man shanu. Kulocin kuwa, cinyata har rawa take. Ba ƙafar robar da za ta kai shi ƙasa. Na ci nasara, ban ga amfanin ɓoyewa ba.

Baba ya ce, “Wayoyin nan da ka murɗe. Ka kai su fedar kuloci, ka sa musu makunni, kada ta tashi sai an taka har ƙasa. In ba haka ba, ran da wani ya murza tana cikin giya, za ta yi tsalle.”

“A zamaninku akwai wannan?”

“A zamaninmu akwai garejin da ba bango.”

Na ce zan sa. Ƙaramin abu ne, aikin minti ashirin. Sai na sayo makunnin.

Laraba, 7 ga Mayu, ƙarfe bakwai na yamma

Na sauke ta ƙasa, na wanke ta. Birkin hannunta dama ba ya riƙewa, na bar ta a giya ɗaya yadda kowa ke yi. Makunni yana cikin leda a akori-kurata. Asabar.

Juma’a, 9 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Ruwa na uku, ana yinsa tun rana. Baba bai fito baranda ba.

Asabar, 10 ga Mayu, ƙarfe sha ɗaya na safe, ɗakin jira na asibiti

Ɗinki bakwai a goshi, haƙarƙari biyu sun tsage. Sun ce Baba zai koma gida yau.

Ina bayan sauna ina faskare na ji kikin tayar da mota ya yi kuka, sai injin, sai ƙarar. Ban san lokacin da na yar da gatari ba. Gwaggo ta haye firiza ta matse ta da bango, naman barewa a warwatse ko’ina, injin ya mutu. Yana ciki, rigar coci a jikinsa, ya taje kai, jini yana bin gira. Ƙafar robar ta zame daga feda ta maƙale a ƙarƙashin birki. Ya taka iya ƙarfinsa, bai kai rabi ba, ya murza makulli duk da haka.

Da na sa makunnin da ko tari ba za ta yi ba. Minti ashirin. Yana cikin leda.

Abin da ya fara cewa: “Bamba ta lotsa?”

Yaya Noreen tana hanya. Ta faɗi duk abin da za ta faɗa, ba zan buɗe baki ba.

Lahadi, 11 ga Mayu, ƙarfe tara na safe

Ba ta faɗi komai ba. Ta wanke masa ciwon, ta kwashe naman, ta dafa wanda bai lalace ba. Gara ta zage ni.

Litinin, 12 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Na sa makunnin. Minti sha huɗu.

Laraba, 14 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Ban je aiki ba. Ina canja masa bandeji ya riƙe min hannu.

“Wannan karon firiza ce. A Oktoba fa?”

Na ce rami ne.

“Neil.” Ba Farfesa ba. “Ramin titi ba ya da ƙararrawa.”

Na zauna a bakin gado. Ya ce ya ji ta, ƙaramar ƙararrawar keke, ƙarƙashin tayar dama. Ya ce rami ne don ya ji me zan ce. Da na ce e, sai ya ɗauka abin ya kai munin da ba a faɗa. Sati biyu yana sa Kawu Arvo ya karanta masa sanarwar rasuwa a jarida, wai yana neman abokan aikinsa.

Na gaya masa. Josie Perala ce, ta yi tsalle ta faɗa kwata kafin mu iso, gwiwar hannu ce kawai, keken ne ya tafi. Ya rufe fuska da hannu biyu, ya daɗe.

Sai fushina ya dawo, dama bai yi nisa ba. Na ce to da ya sani, me ya kai shi cikin motar ran Asabar, da rigar coci? Me ya sa ya ce zai tuƙa bana?

“Wata shida ina jiran ɗana ya ce min kada in tuƙa. Na ce bari in ce zan tuƙa, ko bakin nan naka da ba ya raga wa kowa zai buɗe. Sai ka kawo min farantin ’yan tsere.”

“Tun ran nan ka gane?”

“Tun ran da ka ce za ka ɗaura giyabos. Kai da ko kwan fitila ba ka canja min sai na roƙa sau uku.” Ya yi dariya, haƙarƙarin ya tsayar da shi. “Ran Asabar ba titi zan fita ba. So nake in taka in ji da ƙafata cewa ba zan iya ba. Ban so a gaya min. Ban kuma so a ƙi gaya min. Ka ga matsalar.”

Na ce aikin banza na yi kenan, sati biyar. Ya ce wane banza, shekara ashirin yana son a ɗaura masa giyabos, ga wawa ya samu kyauta.

Ya ce in ɗauko takardar da ke ƙarƙashin kwanon sukari. Ashe ita ma ya san da ita, ya ce sukari bai taɓa yin ƙarar takarda ba sai bana. Ya ce ba a buƙatar shaida, shi zai kai lasisin da hannunsa. In gaya wa Noreen ta ajiye bironta.

Asabar, 17 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Jiya na kai shi ofishin a akori-kura. Ya ajiye katin kan kanta, ya ce wa matar hoton dama bai yi kama da shi ba.

Yau da hantsi ya fito da rigar cocin nan, an wanke jinin. Na miƙe bambar iya yadda ta miƙu. Ya zagaya ta gaban Gwaggo yana shafa bonet, ya buɗe ƙofar dama da kansa ya zauna. Ban taɓa ganinsa a wannan kujerar ba. Ya ce gidan Perala.

Na taka kuloci, na kai hannu kan sandar giya, na tarar da nasa a wurin.

“Kai ƙafa da ido,” ya ce. “Wannan tawa ce.”

Ya sa ɗaya. Na saki, ta yi tsalle ta mutu a bakin gareji. Kawu Arvo yana tsaye a gefen titi da kofinsa, ya ce ashe Farfesa ma akwai jarrabawar da yake faɗuwa. Baba ya ce laifin wanda ya zaɓo faranti ne. A karo na biyu ta tafi.

Da kunne yake yi. Injin ya ɗaga murya sai ya ce, “Taka,” in taka, ya ja biyu. “Taka,” uku. Ko sau ɗaya haƙoran giya ba su yi ƙara ba. Da muka doshi kwanar makaranta ban ce komai ba, shi ya ce, “Taka,” ya dawo da ita biyu, muka bi kwanar kamar masu rakiyar gawa.

Dawn tana tsakar gida tana shanya. Ta ga koriyar mota ta saki rigar da ke hannunta, sai ta ga wanda ke sitiyari. Baba ya ce in zauna, wannan ba tafiyata ba ce. Ya sauka da sandarsa ya bi shinge da hannu har ƙofa, ya cire hula. Ban ji abin da suka ce ba. Sun kai rabin awa a baranda. Josie ta fito ta tsaya tana kallon ƙafar robar, ya ƙwanƙwasa mata ita da sanda, na ga ta yi dariya.

Da ya dawo idanunsa sun yi ja. Na tambaye shi gida? Ya lalubo sandar giya ya riƙe.

“Wane gida? Ban ji ta huɗu ba tukuna. Bi hanyar tafki.”

Muka fita gari. Titi a bushe, ba ko ɗigon gishiri. Allura ta haura hamsin, injin yana ta roƙo, shi kuwa ya jingina kai, ya rufe ido, ya bar ta tana kuka fiye da yadda littafi ya ce.

“Taka,” ya ce.

Na taka.